Limami ɗaya, majami'u huɗu: yadda cocin Efiskofal na Amurka ke koyon haɗa kai

Cocin Efiskofal, wanda shi ne reshen ɗarikar Angilika a Amurka, yana da majami'u kimanin 6,700, galibinsu a cikin ƙasar. A ƙididdigar 2023, masu zuwa sujada ranar Lahadi a dukansu ba su wuce 410,000 da 'yan kai ba. In aka raba daidai, kowace majami'a za ta tashi da mutum sittin, amma rabon ba haka yake ba. Manyan majami'un birane sun kwashe kaso mai tsoka, kuma fiye da rabin majami'un ba sa tara mutum hamsin a Lahadi. Cocin da ya haura mambobi miliyan 3 a shekarun 1960 yanzu yana kan miliyan ɗaya da rabi. Gine-ginen kuwa suna nan, dayosis-dayosis, wato yankunan da kowanne ke ƙarƙashin bishop, suna nan, da dokokin da aka rubuta tun lokacin da kujeru ke cika.

Daga nan maganar haɗin gwiwa tsakanin majami'un yanki ɗaya ta taso, ta zama ruwan dare a tarukan cocin. Kowa ya yarda a haɗa kai. Gardamar tana kan abin da za a haɗa: limami ne, ko asusu, ko gini, ko aikin hidimar kansa. Waɗannan ba abu ɗaya ba ne, kuma ra'ayina shi ne yawancin shirye-shiryen da suka ci tura sun tsaya ne a kan na farkon.

A fara da kuɗi, tunda shi ke tilasta zaman. Tsarin da aka gada shi ne kowace majami'a ta ɗauki limaminta na cikakken lokaci, wanda ya yi shekara uku a makarantar tauhidi bayan digirinsa na farko. Za ta biya shi albashi, ta ba shi gida ko kuɗin gida, ta biya masa inshorar lafiya, wadda a Amurka kan lashe kuɗi mai yawa, sannan ta zuba kashi 18 cikin ɗari na abin da yake samu a asusun fanshon cocin. Bayan wannan ga ginin dutse da aka yi tun ƙarni na 19, mai son ɗumamawa duk hunturu da gyaran rufi. Ga kuma kason da majami'a ke aika wa dayosis, shi ma dayosis ɗin yana aika kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigarsa zuwa hedikwata. Mutum talatin da biyar, yawancinsu 'yan fansho, ba za su ɗauki wannan kaya da baikon Lahadi ba, komai ƙoƙarinsu.

Sai dai kuɗi kaɗai bai bayyana tsananin matsin ba. Akwai wani dalili da ke cikin littafin addu'a. Kafin 1979, majami'un Efiskofal da dama suna yin addu'ar safe ce a mafi yawan Lahadi, Jibin Ubangiji kuwa sau ɗaya a wata a babbar sujada. Addu'ar safe, wanda ba limami ba yana iya jagorantarta. Littafin addu'ar da aka amince da shi a 1979 ya mai da Jibin Ubangiji babbar sujadar kowace Lahadi, mutane suka karɓa, har ya zama wanda ya tashi bayan lokacin bai san wata hanya ba. A tsarin Angilika kuwa, limami ko bishop ne kaɗai ke tsarkake gurasa da ruwan inabi. Wato cocin ya mai da limami wajibi a kowane mako, daidai lokacin da majami'un da ke iya riƙe limami suka fara raguwa. Abin mamaki, littafin nan dai shi ne ya jera masu hidimar ikilisiya ya fara da mambobi na gari kafin bishop da limami da dikin, yana nuna cewa baftisma ce tushen hidima. Duk muhawarar haɗin gwiwa tana kai da komo ne tsakanin waɗannan koyarwa biyu.

Hanya mafi sauƙi, wadda aka fi bi, ita ce raba limami. Majami'u uku ko huɗu da ke kusa su haɗa kuɗi su ɗauki mutum ɗaya, kowace ta biya gwargwadon ƙarfinta. A takarda abin ya yi kyau. A aikace rigima takan fara ne daga agogo. Kowa yana son sujadar ƙarfe goma na safe, babu mai son ta takwas ko ta yamma. Daren Kirsimeti ɗaya ne, safiyar Ista ɗaya ce, limamin kuma jikinsa ɗaya. Majami'ar da ta fi zuba kuɗi tana ganin ita ce uwar gida, ƙananan suna ganin ana ba su ragowa. Shi kuwa limamin yana zaman kwamitin dattawa sau huɗu maimakon ɗaya, yana cike takardun rahoto kashi huɗu, sauran lokacinsa yana kan hanya. Da ya gaji ya tafi, sai a koma inda aka fara, ko a dogara da limamai masu ritaya, waɗanda dokar cocin ta sauke daga muƙami a shekara 72 amma suke ci gaba da cike gurbi.

Wani limamin Efiskofal, Arlin Rothauge, ya yi bayani a farkon shekarun 1980 da har yanzu ake amfani da shi. Ya kasa majami'u bisa yawan masu zuwa sujada, ya ce wadda ba ta kai hamsin ba tana tafiya ne kamar dangi. Akwai wata dattijuwa ko wani dattijo da ke riƙe da ragama ko da ba shi da muƙami, shi ya san wanda ya sayi tagar gilashin nan don tunawa da mahaifinsa, shi ke cewa a karɓi baƙo ko a yi masa sanyi-sanyi. Limamai suna zuwa suna wucewa, shi yana nan. Wanda ya zo daga ofishin dayosis da taswira yana cewa majami'ar nan da waccan tafiyar minti ashirin ce tsakaninsu, a haɗe su, bai fahimci abin da ke gabansa ba. Ba rassan kamfani ba ne. A harabar wasunsu ma akwai kaburburan iyaye. Sau da yawa in an rufe ɗaya aka ce mutanenta su koma ɗayar, wasu sukan koma, wasu kuma su daina zuwa coci ɗungurungum.

Saboda haka raba limami yana sayen lokaci, kuma lokaci abu ne mai amfani, amma bai taɓa tunanin da ke ƙasa ba, cewa hidima aikin ƙwararre ne da ake biya, sauran jama'a masu karɓa ne. An dai rage wa kowa rabonsa na ƙwararren.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan zurfi, kuma asalinta daga fagen mishan yake. Roland Allen, Baturen Ingila ɗan Angilika da ya yi aikin bishara a ƙasar Sin, ya rasu a Nairobi a 1947, ya yi ta jayayya tun 1912 cewa manzo Bulus bai taɓa kafa ikilisiya ya bar ta tana jiran limami daga waje ba. Yakan naɗa dattawa daga cikinta ya wuce gaba. Allen ya ce duk taron masu bi da ba zai iya yin Jibin Ubangiji ba sai an aiko masa da wani, an gina shi ne a kan dogaro. A zamaninsa ba a saurare shi sosai ba. Waɗanda suka ɗauki maganarsa daga baya su ne bishop-bishop na wuraren da tsohon tsarin bai taɓa aiki ba tun farko.

A Alaska, Bishop William Gordon, wanda ke tuƙa ƙaramin jirginsa da kansa don ya kai ga ƙauyukan da babu hanyar mota, ya matsa har aka buɗe ƙofa a dokokin cocin a wajajen 1970, domin a naɗa mutanen gari limamai a garuruwansu ba tare da sun tafi makarantar tauhidi ba. A Nebada, Bishop Wesley Frensdorff, da ya riƙe dayosis daga 1972 zuwa 1985, ya faɗaɗa tunanin ya mai da shi tsarin dayosis ɗin gaba ɗaya. Amma inda abin ya fi kafuwa shi ne arewacin Mishigan, yankin da ke tsakanin manyan tafkuna, mai mutum kimanin 300,000, wanda tattalin arzikinsa ya durƙushe da raguwar haƙar tagulla da ƙarfe. A ƙarƙashin Bishop Tom Ray daga shekarun 1980, sannan Jim Kelsey da ya gaje shi, dayosis ɗin ya sauya tambayar. Maimakon a tambayi majami'a nawa za ta iya biya, sai a tambaye ta su wane ne a cikinta Allah ya ba baiwar wa'azi, ko ziyarar marasa lafiya, ko koyarwa, ko jagorantar sujada.

Yadda abin ke tafiya ya cancanci a tsaya a kansa. Ba mutum ne ke tashi ya ce yana jin kira ba, jama'a ce ke zama ta ambaci sunaye, a je a gayyaci waɗanda aka ambata. Su yi karatu tare a garinsu na tsawon lokaci, duk wanda ke so daga cikin majami'ar yana iya zama da su. A ƙarshe bishop ya zo ya keɓe su a matsayin ƙungiya ɗaya, a cikinsu a naɗa limami, galibi fiye da ɗaya, domin kada wani ya zama sarki, da dikin, da masu wa'azi. Babu mai karɓar albashi a cikinsu. Malamar makaranta ce, ko ma'aikacin jinya, ko wanda ya yi ritaya daga ma'adinai. Limaman da suka yi makarantar tauhidi ba a kore su ba, aikinsu ne ya sauya: kowane yana kula da yanki mai majami'u da yawa, yana horarwa, yana sasanta saɓani, majami'un yankin suna haɗa kuɗin albashinsa. Aikin gayya ne, da mai kula da gayyar.

Bambancin da ke tsakanin wannan da raba limami yana nan a fili. A tsari na farko, abin da ake rabawa shi ne Lahadin mutum ɗaya. A na biyu, Lahadi tana hannun mutanen gari, abin da yanki ke haɗawa shi ne horo da kulawa da lissafin kuɗi, wato abubuwan da ƙaramar majami'a ba za ta iya yi ita kaɗai ba kuma ba sa bukatar a yi su da ƙarfe goma na safe.

Ɗan Angilika na Wusasa ko Kafanchan zai ji wani ɓangare na labarin nan kamar ya san shi. Katikis da ke riƙe ƙaramar majami'ar ƙauye, rabaran yana zagayowa lokaci-lokaci don baftisma da Jibin Ubangiji, shi ne yadda bishara ta yaɗu a Najeriya. Sai dai alƙiblar ta bambanta. Cocin Najeriya ya yi amfani da tsarin ne yana faɗaɗa, har a 1990 Akbishop Joseph Adetiloye ya buɗe sababbin dayosis na mishan a arewa, irin su Sakkwato, Katsina, Bauchi da Maiduguri. Na Amurka yana komawa gare shi ne yana tsukewa. Dangantakar cocin biyu ta yi tsami tun 2003 kan naɗa Gene Robinson bishop a Amurka, mutumin da a lokacin yake zaune a fili da namiji a matsayin abokin rayuwarsa, don haka ba a cika zama a koyi irin wannan darasi daga juna ba.

Tsarin arewacin Mishigan yana da masu suka, kuma ba duka sukar ce ta son zuciya ba. Wasu suna cewa yana haifar da limamai aji biyu, masu ilimi ga masu kuɗi, masu ɗan horo ga talakawan karkara. Wasu suna tsoron wa'azi marar zurfi. Akwai kuma matsalar magada: ƙungiyar farko takan fito da zafinta, amma bayan shekara goma sha biyar, in ta tsufa kuma matasa sun bar gari, daga ina ta biyu za ta fito? Gaskiyar da masu yabon tsarin ba su cika son faɗa ba ita ce bai dawo da jama'a ba. Dayosis ɗin arewacin Mishigan har yau yana cikin mafiya ƙanƙanta a cocin. Abin da za a iya cewa shi ne majami'un da lissafin kuɗi ya yanke wa hukuncin rufewa tuntuni sun ci gaba da sujada da binne matattunsu da ciyar da mabukata shekaru da dama bayan haka. A gari mai mutum dubu biyu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A 2003 babban taron cocin ya yi wa dokokin naɗi kwaskwarima, aka soke rukunin limamin gari na daban, limami ya zama limami ko ta wace hanya aka horar da shi. Wannan ya sa nauyin ya koma kan ingancin horon, kuma a nan ne haɗin gwiwar yanki ya fi nuna amfaninsa. A 2013 dayosis huɗu, na Kansas, Kansas ta yamma, Mizuri ta yamma da Nebraska, suka haɗa makaranta ɗaya a Topeka mai sunan Bishop Kemper, inda ɗalibai ke zuwa a ƙarshen mako sau ɗaya a wata suna ci gaba da sana'o'insu. Makarantar tauhidin Efiskofal da ke Austin a Teksas tana ba dayosis da yawa manhaja da darussa don su horar da nasu a gida. Limami mai sana'a biyu ya daina zama abin kunya. Bishop ɗin Kansas ta yamma, Mark Cowell, lauya ne da ya ci gaba da aikin lauya da kuma riƙe ƙananan majami'u bayan an naɗa shi a 2018.

A matakin dayosis kuwa abubuwa sun yi sauri a 'yan shekarun nan. A 2024 dayosis uku na Wiskonsin, Milwaukee da Fond du Lac da Eau Claire, suka koma ɗaya kamar yadda suke a 1847, da majami'u kimanin 100 a ƙarƙashin Bishop Matthew Gunter. Ba ƙaramin tafiya aka yi ba, in aka tuna Eau Claire na cikin dayosis huɗu na ƙarshe da suka ƙi naɗa mata limamai har cikin shekarun 1990. A shekarar dai Mishigan ta gabas da ta yamma suka haɗe. A jihar Fensilbaniya, dayosis na Betlehem da na Fensilbaniya ta tsakiya suka kaɗa ƙuri'ar komawa ɗaya. Bishop-bishop na Maine, New Hampshire da Vermont ba su haɗe ba, amma tun 2022 kowane yana taimakawa a dayosis ɗin ɗan'uwansa. A kusan duk inda aka yi nasara, an fara ne da raba bishop ko ma'aikata na wasu shekaru kafin a zo ga ƙuri'a.

Akwai farashin da ba a cika ambata ba. Kowane dayosis, babba ko ƙarami, yana aika wakilai takwas zuwa babban taron cocin, limamai huɗu da mambobi huɗu. Wiskonsin da ke da kujeru 24 ta koma takwas. Tunda ƙananan dayosis na karkara ne ke haɗewa, muryar karkara ce ke raguwa a zauren da ake rubuta dokokin da suka fi damun ta.

Mutumin da cocin ya zaɓa shugaba a Louisville a watan Yunin 2024, Sean Rowe, daga wannan duniyar ya fito. Ya zama bishop na arewa maso yammacin Fensilbaniya a 2007 yana ɗan shekara 32, daga 2019 kuma ya haɗa da riƙon yammacin Niyok, dayosis biyu da bishop ɗaya da ma'aikata ɗaya. Ya ƙi yin babban bikin rantsarwa a katidiral ɗin Washinton, aka yi shi a ƙaramin ɗakin sujada na hedikwata. Zaɓensa alama ce cewa cocin ya amince gyaran tsari ya zama dole. Amma bayan tafiyarsa, a 2025, dayosis biyun nan suka kawo ƙarshen ƙawancen. Wannan ya nuna raunin da ke cikin irin wannan shiri a kowane mataki: in mutum ɗaya ne igiyar da ta ɗaure shi, ranar da ya tafi sai a ga ko jama'ar sun san juna ko ba su sani ba.

Haɗe ofisoshi, duk da wahalarsa, ya fi haɗe majami'u sauƙi, domin mutum ba ya kuka don an rufe ofishin akanta. Kuma bai kamata a ɗauka yana warware matsalar Lahadi ba. Dattijuwar da ke buɗe ƙofar majami'a mai mutum goma sha biyu ba ta damu da sunan dayosis ba, tana so ta san wanda zai zo. Haɗewar za ta yi amfani ne in kuɗin da aka rage a sama ya sauko ya zama mai horarwa ko akanta ko mai duba gini da majami'u goma za su yi tarayya a kansa.

Ga kuma abin da ake kewaye shi da ladabi a taruka. Cocin Efiskofal ba matalauci ba ne. Majami'a ɗaya tak a Niyok, Trinity ta Wall Street, tana da kadarori na kusan dala biliyan 6, kuma ɗaruruwan majami'u suna zaune a kan dukiyar da magabata suka bar musu. Amma haɗin gwiwa kusan kullum raunana ake gaya wa su yi, su haɗa rauninsu wuri guda. Babbar majami'a mai limamai uku da ke tafiyar rabin awa daga gare su ba kasafai take shiga ba, bishop kuma ba shi da ikon tilasta mata, domin majami'a mai cin gashin kanta ita ke zaɓen limaminta, kwamitin dattawanta ke riƙe asusunta. Wata dokar coci ta 1979 ta ce kadarorin majami'a amana ce da ake riƙe wa dayosis da cocin baki ɗaya, amma an fi jin amon dokar a kotu, lokacin da wasu suka ɓalle, ko kuma ranar da aka rufe majami'a gininta ya koma hannun dayosis. Inda na ga alamar ɗorewa shi ne inda mai ƙarfi ya shiga tun da wuri, ya ba da lokacin limamansa da ofishinsa, kuma aka rubuta yarjejeniya ƙarara kan wa zai biya me, wa ke da Ista bana, da yadda mai son fita zai fita.

A ƙaramin gari ma, maƙwabcin da ya fi kusa sau da yawa ba ɗan Efiskofal ba ne. Tun 2001 akwai cikakkiyar tarayya tsakanin cocin da babbar ɗarikar Lutaran ta Amurka, wadda ta ba da damar faston Lutaran ya riƙe majami'ar Efiskofal ko limamin Efiskofal ya riƙe ta Lutaran, kuma a wurare da dama jama'ar biyu suna sujada a gini ɗaya. Da ɗarikar Morabiya ma an ƙulla irin wannan. A 2024 babban taron ɗarikar Metodis ya amince da tasa yarjejeniyar, ana jiran ƙuri'ar Efiskofal a taronsu na 2027 a Phoenix. Metodis suna da majami'u fiye da 20,000 a Amurka, da yawansu a garuruwan da majami'ar Efiskofal mafi kusa take da tafiyar awa guda. In ƙuri'ar ta wuce, taswirar da bishop-bishop ke zanawa yanzu don haɗa majami'unsu za ta bukaci sake zane, domin fasto mai ikon yin Jibin Ubangiji zai iya kasancewa a tsallaken titi.